CIGIYAR FARAR TAGUWA

Shafi na 19

Jama'a barkanku da hantsi. Masu turo mani saƙo tun asuba, "ina shafi, ina shafi," ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana waya ta mutu. Ita kuma baiwar Allah da ta rubuto wai cin hanci Mas'uda ta yi shi ya sa ta ƙi karanta cigiyar, to ki gyara zama, yau za ki ji. Ina roƙon Allah kada Ya jarrabe ki da irin abin da Ya jarrabe ta, don a baki komai mai sauƙi ne.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: Mas'uda ita ce mai karanta cigiyar dabbobi a Rediyo Tsintsiya ta Dakoro, da Hausa da Tamashek. An kawo cigiyar wata farar taguwa daga Azagor, kullum sai ta tsallake ta. Mun tsaya inda direkta ya aika a kira ta biro, wato ofishinsa.

*

Direkta Na'Allah bai ko ce mata ta zauna ba. Mutum ne mai raha, ko gaisuwa ba ya yi sai ya haɗa da tsokana, amma yau fuskar nan a murtuke take. Ga kofin shayi a gabansa yana ta juyawa bai kurɓa ba.

"Ruhe ƙohwa."

Ta rufe.

"Mas'uda, ni da ke wa ya daɗe cikin gidan ga?"

"Kai ne, Direkta."

"To tun da anka kahwa rediyon ga, kin taɓa jin an tsallake cigiya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nike."

"Ban taɓa ji ba."

"Akuya gurguwa ta ɓace ma tsohuwa a Tagiris, mun karanta. Jakin da mai shi ma ya gaji da shi, mun karanta. Ranar da iska ya kada mamu ƙarhen antan shiri ya daina hita, da lasihika bisa moto munka zagaya kasuwa muna karantawa. Yau ga taguwa sukutum, mai jego, an kawo cigiyarta tun wancan sati. Ki karanta ta sama, ki karanta ta ƙasa, ki tsallake ta. Mi ya sa?"

"Mantuwa ce."

"Wace irin mantuwa ce mai zaɓen taguwa guda?"

Ku da ke manyan birane za ku ce mene ne abin tada jijiyar wuya a kan cigiya. To a ƙasar Dakoro ba wasa ba ne. Kafin rediyon nan, in dabba ta ɓata makiyayi ba ya tambaya, zargi yake yi. Manomi kuma ba ya ba da amsa, sanda yake ɗauka. An binne mutane a kan ɗan maraƙi. Da aka kafa Tsintsiya sai dattawan kowane ɓangare suka yi alkawari: wanda ya rasa dabba ya kai rediyo ya jira, wanda ya gani ya bugo waya. Muddin rediyo ba ta gama magana ba, babu mai taɓa kowa. Alkawarin nan ya fi jandarma riƙe mutane, kuma Mas'uda ta fi kowa sani, tunda da bakinta ake cika shi kowace safiya.

Direkta ya ture kofin gefe.

"Mai taguwar shina waje."



"Wane waje?"

"Bisa benci, ƙarƙashin iccen bedi. Alhusaini. Ya ce kakanki ne."

"Ƙanen kakata ne ta wajen uwa. Wadda ta riƙe ni a Azagor."

"To ya biyo motar kasuwa shi da ɗanshi Ikrama. Ya ce tunda jikarshi ta ƙi karanta mashi, shi zai shiga ya hwaɗa da bakinshi, ke ki juya da Hausa. Kin san haƙƙinshi ne, ba ni hana shi."

"Direkta, don Allah ka ce mashi ba ni da lahiya."

"Ki bari in ida. Ikrama ya jawo ni gehe. Samarinsu sun bi sawun taguwar har kusa da rijiyar da Hilani ke shayarwa, nan sawu ya ɓace masu. Sun ce Hilanin ne sunka sace. Tsohon ne kaɗai ya tare su, ya ce rediyo ba ta yi magana ba tukuna. In anka tashi shirin yau babu labari, gobe za su kora shanun mutane."

"Ba Hilani ba ne!"

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama bakinta. Baki shi ke yanka wuya. Direkta ya ɗago a hankali ya zuba mata ido.

"Ya anka yi kinka san ba su ba ne?"

Ta jingina da ƙofa.

"Mas'uda."

"Taguwar ta mutu, Direkta."

"Inna lillahi. Ina?"

"Garinmu. Gidan Abarci."

"Can gaban Ajekoriya? Mi ya kai ta?"

"Yunwa. Gonar waken Baba ta shiga. Ka san bana hatsinshi bai yi ba, waken nan kaɗai ya sa ma ido. Ya iske ta tsakiyar gona ta share gehe guda. Ya kora, ta ƙi. Ya yi ihu, ko kallonshi ba ta yi ba. Ga gatari a hannunshi."

"Kai!"

"Ya ce jihwa ya yi don ta tsorata."

"Ya same ta?"

"Ya tsinke mata agara."

Direkta ya dafe kai da hannu biyu. Wanda ya san raƙumi ya san in agara ta tsinke zance ya ƙare, ba ya sake miƙewa.

"Maza sunka taru," ta ci gaba. "Liman ya ce kada a bar ta tana wahala har ta mutu mushe, a yanka. Anka yanka."

"To sai a bugo nan! A ce ga taguwa ta yi ɓarna, ta ji ciwo, an yanka, mai ita ya zo a zauna. Sau nawa munka yi irin wannan? Don mi anka kahwa gidan ga?"

"Baba ya ce a bugo. Dattawa sunka hana."

"Don mi?"

"Sun ce da rami ta hwaɗa da sun bugo. Amma sara ne, kuma sara ba ya ɓoyuwa. Sunka ce in Abzinawa sun ga ƙahwar nan, garin gaba ɗaya zai sha."

"Sai anka yi yaya da naman?"

"Anka raba gida-gida. Har gidan liman, har gidan mai gari. Don kada a samu bakin da zai iya magana. Hwatar da ke da shaida kuma anka bizne."

Kun ji dabarar dattawan Gidan Abarci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da zama ɗaya a gindin bishiya zai kashe, sun mai da shi sirrin gari guda, kowa da rabonsa a ciki.

"Ke wa ya hwaɗa maki?"

"Inna. Ta ga shaidar a wuyan taguwar tun ba a heɗe ba. Shaidar gidansu ce, Direkta, da ita ta tashi. Ta yi kuka ta yi magiya, ba wanda ya saurare ta, wai maganar maza ce. Ran da cigiya ta iso nan na kira ta ina ba ta labari, wai taguwar Kaka Alhusaini ta ɓace. Sai ta hwashe da kuka."

"Ta ce kada ki karanta?"

"Da haka ta ce da na ji sauƙi. Cewa ta yi, in kin karanta kin nuna ma mutane ƙohwar ubanki, in kin ƙi kin ci amanar dangina. Ta ce ita ba ta san abin da za ta ce mani ba. Ta kashe waya."

Direkta ya miƙe ya yi taku zuwa taga ya dawo. Sai ga shi ya gyara wuyan riga, ya ɗauko muryar nan tasa ta taron ma'aikata.

"Mas'uda, na tausaya maki. Amma rediyo ba ta da uba, ba ta da gari. Ni hannuna tsabta yake, kuma ba ni yarda a shahwa ma gidan ga abin da bai ci ba."

Ta ɗago ta dube shi. Idanunta sun yi ja.

"Direkta, ka tuna soyayyen naman da na kawo wancan sati? Wanda gwaggota ta aiko mani a motar kasuwa, tun ban san komi ba?"

Ya tsaya cak.

"Wanda ka ce ba ka taɓa cin naman sa mai daɗinshi ba. Ka ce a ƙaro yaji."

"Ke..."

"Har ka ƙulla ma Hajiya a leda."

"Ya isa!"

"Abdulrauf mai na'ura ya ci, mai gadi ya ci. Ni ma na ci, Direkta. Na ci na siɗe hannu."

Ni dai a nan na yi dariya, Allah Ya yafe mani. Direkta Na'Allah ya koma kan kujera jagwab, yana haɗiyar yawu kamar naman ne ya dawo masa maƙogwaro. Muryar taron ma'aikata ta gudu, ta bar shi da tasa ta gida.

"La ilaha illallahu. Har Hajiya."

 Daga istudiyo ana jiyo kiɗan da ake sawa kafin shirin cigiya, Abdulrauf mai kula da na'ura ya riga ya saka shi.

"To ga abin da za a yi," in ji Direkta, ƙasa-ƙasa. "Ki shiga da tsohon. Ya hwaɗi cigiyarshi, ki juya. In ya gama kada a buɗe layi."

"Kullum ana buɗe layi bayan cigiya."

"Yau ba a buɗewa. Ki ce rezo ya lalace, waya ba ta shiga. Ni zan hita in kira mai garinku da magajin gari, a samu a zauna kahin gobe."

"In ce rezo ya lalace? A antan, duniya na ji?"

"Ke da kinka yi sati kina tsallake, yau ƙarya guda ce za ta gagare ki?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

"In samarin sun ƙi jiran zaman hwa? In sun tahi wajen Hilani?"

"Kina da wata dabara? In kina da ita hwaɗa, ina saurare."

 Gaba kura, baya sayaki. Ta goge ido da bakin mayafi ta buɗe ƙofa.

*

Tsoho Alhusaini na ganinta ya buɗe hannuwa. Dogo ne siriri, rawani ya rufe masa komai sai idanu, idanun kuma suna dariya. Da Tamashek ya yi magana, don Hausarsa ta cinikin kasuwa ce kawai, ga kunne ya yi nauyi.

"Ga amaryata! Ta shiga birni ta yi ƙiba ta manta da tsohon mijinta."

Wasan kaka da jika ne, tun tana rarrafe yake kiranta haka. Da can takan rama, ta ce wa zai auri mai haƙori biyu. Yau sai ta durƙusa har ƙasa.

"Kaka, ina gajiya?"

"Babu gajiya tunda na gan ki. Tashi, tashi. Ina uwarki Suwaiba? Ina ubanki, surukina Kalla? Bana gona ta yi?"

"Suna lafiya."

"Haka nake so."

Ya laluba cikin riga ya ciro cuku a naɗe cikin tsumma ya danƙa mata.

"Na akuya ne, ki yi haƙuri. Da nonon taguwa zan kawo miki irin wanda kike so kina ƙarama, to mai nonon ce ta tafi yawo ba sallama."

Ta karɓa da hannu biyu, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ikrama na tsaye gefe, ya harɗe hannu. Shi ya yi zaman Maradi, Hausa a bakinsa kamar Bagobiri. Bai yi mata wasa ba.

"Mas'uda, kullum muna kewaye da rediyo tun sahe. Tsohon ga ya ce wataƙila takardar ce ba ta iso ba. Ta iso ko ba ta iso ba?"

"Ta iso."

"To mi ya hana?"

"Lokaci ya yi, Ikrama. Bari mu shiga."

"Ku shiga. Ni ina nan gindin lasihika, ina ji."

A farfajiyar gidan rediyon akwai lasifika a maƙale jikin bedi don masu jiran sanarwa. Ranar kasuwa ce, benci ya cika da mutane, wasu ma a tsaye.

Istudiyon Tsintsiya ɗan ɗaki ne, an manna katifu a bango don kada ƙara ta shigo. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya ta gilashi mai kallon wajen Abdulrauf. Tebur, mikoro biyu, da wayar da masu saurare ke bugowa. Mas'uda ta yi shekaru tana shiga ɗakin nan da farin ciki. Yau kuwa da ƙyar ta ja ƙofar ta rufe.

Abdulrauf ya miƙo wa tsohon abin sawa a kunne. Ya jujjuya shi, ya gwada a kan rawani ya ƙi zama.

"Kaka, sai ka ɗan sassauta rawanin."

"A gaban amarya? Allah Ya kiyaye. Ke ki ji, ki faɗa mini. Ai kunnena ke ce."

Ya ajiye abin a kan tebur.

Abdulrauf ya ɗaga yatsa. Jar fitila ta kama.

"Assalamu alaikum masu saurare, manoma da makiyaya, na gida da na daji. Rediyo Tsintsiya ce, Mas'uda Kalla ke magana. Ga hilin cigiya. Yau muna da baƙo daga Azagor, zai hwaɗi cigiyarshi da bakinshi."

Ta maimaita da Tamashek. Ta juya wa tsohon mikoro.

Ya gyara zama, ya gai da sarakuna da masu gari da ardo-ardo, bai bar kowa ba. Sannan ya fara.

"Taguwata fara ce. Kunnen dama a tsage. Shaida a wuya ta hagu, kamar sawun zabo."

Ta juya da Hausa.

"Ba ta da faɗa. Ko yaro ya kama akalarta za ta bi shi."

Ta juya.

"Ta bar ɗa a gida. Ya ƙi kiwo, ya ƙi ruwa, sai ya juya kudu ya yi ta kuka. Jikokina ma nononta suke sha."

Ta buɗe baki, murya ta maƙale. Ta yi tari ta juya. Ta san a daidai wannan lokaci rediyo na rataye a rumfar mai gari a Gidan Abarci, maza na zaune. Ta san tana ajiye a kan turmi a kowane gida da aka kai naman nan. Ta kuma san Inna ba ta jiran a juya mata, kai tsaye maganar kawunta ke shiga kunnenta.

Tsohon ya matso kusa da mikoro.

"Ina da magana da manoma. Ni na san dabba ba ta san iyaka ba. In ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, laifina ne, zan zo har ƙofarsa in durƙusa."

Ta juya. Abdulrauf ya leƙo ta gilashi, ya ga hawaye na bin fuskarta, ya ɗaure gira yana tambayarta da hannu ko lafiya.

"In kuma ta mutu, don Allah a faɗa mini in daina tafiya. Ƙafafuna sun gaji. Kuma ina da samari masu zafin kai, na riƙe su har hannuna ya yi sanyi. Ina tsoron su ɗauki alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya sani ya taimake ni, ya taimaki wancan bawan Allah. Na gama."

Ta juya duka. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba, don a aikin nan ba a ragewa, kuma rabin masu saurare suna jin harsunan biyu.

Saura ƙaryar Direkta. Ta ja numfashi.

"Masu saurare, yau za ku yi mamu haƙuri, ba za mu samu buɗe layi ba saboda..."

Wayar kan tebur ta kawo haske.

An kashe mata ƙara, amma hasken na walƙiya. Mas'uda ta kai ido. Lambar da ke jiki ba sai ta karanta ba, ita ta saya wa babanta layin, ita ta koya masa yadda ake bugawa.

Ta sa hannu za ta kife wayar. Tsohon ya riga ya gani.

"Ga wani yana bugowa!"

Da ƙarfi ya faɗa, a bakin mikoro, murna fal muryarsa. Duk wanda ke jin Tamashek daga nan har Tagiris ya ji shi.

"Kaka, rezo ne ba..."

"Ga shi yana haske, amaryata. Ɗauki mana. Wataƙila wani ya gan ta."

Hasken ya mutu. Ta saki ajiyar zuciya.

Ya sake kamawa.

Abdulrauf ya ɗaga hannuwa sama ta bayan gilashi. Direkta ya ce masa kada ya buɗe layi, bai faɗa masa dalili ba, kuma ga shi ya fita waje neman mai gari a waya. Ga baƙo ya sanar wa duniya ana bugowa. In aka ƙi ɗauka yanzu, gobe ba mai sake yarda da Tsintsiya. Ya dubi Mas'uda. Ta girgiza masa kai kaɗan. Ya dubi tsohon da ke nuna wayar da yatsa yana murmushi. Ya danna.

Ƙarar iska ta cika mata kunne, da kukan awaki daga nesa.

Ka'ida ce a tambayi mai bugowa sunansa da garinsu. Bakinta ya yi aikinsa shi kaɗai.

"Assalamu alaikum. Wa ke magana, daga ina?"

"Wa alaikumus salam. Kalla ne, daga Gidan Abarci."

"Baba... ba a jin ka sosai. Ka kashe, in an jima na kira ka."

"Ana ji na. Ga rediyo nan gabana, ina jin kaina."

"Baba, don Allah."

"Kada ki katse ni, Mas'uda. Tun kina ƙarama ban taɓa roƙonki komi ba."

Ta bayansa tana jiyo hayaniyar maza. Wani na cewa, "Kalla, kashe wayar nan! Kalla, ka haukace?" Tana kuma jiyo kukan mace, kukan da ko cikin dubu za ta gane.

"Ki ce ma Alhusaini ya daina tahiya. Ki ce ma samarinshi su bar Hilani, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba."

"Baba..."

"Taguwarshi ta mutu. Ni na sare ta, da hannuna, cikin gonata. Ba wanda ya sa ni. Kada a nemi kowa a garin ga sai ni. Ina ƙohwar gidana, ba ni zuwa ko'ina."

Ta dafe tebur. Ɗakin ya yi mata ƙanƙanta.

"Kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Na ji muryarki ta karye kina juya maganarshi. Sati guda ina sauraren ɗiyata tana tsallake gaskiya saboda ni. Ya isa. Ki hwaɗa mashi yadda na hwaɗa. Kada ki rage, kada ki gyara."

Aka yi kokawa da wayar. Wani ya yi salati. Layi ya katse.

Shiru ya sauka a antan, irin shirun da ba a yarda da shi a rediyo. Abdulrauf ya yi sororo, hannunsa a kan na'ura, ya manta ma da ana sa kiɗa. A farfajiya hayaniya ta tashi, benci ya kife, ana jiyo muryar Direkta yana "Ku tsaya! Jama'a ku tsaya!"

Sai ga mutum a bayan Abdulrauf, ya shigo ba sallama.

Ikrama ne. Ya ji komai a lasifika, da Hausar da ba ya buƙatar a juya masa. Bai yi ihu ba, bai taɓa kowa ba. Ya tako har jikin gilashi ya tsaya. Ba ubansa yake kallo ba, bakin Mas'uda yake kallo, yana jira ya ji abin da zai fito.

Ƙofa ɗaya ce ɗakin, kuma wajen da yake tsaye take buɗewa. Jar fitila na nan a kunne.

Tsoho Alhusaini bai ga ɗansa ba, ya ba gilashin baya. Ya karkato kunnensa mai nauyi wajen abin sauraren da ke kan tebur, inda ɗan sautin ya riƙa fitowa ƙasa-ƙasa. Idanunsa suka cika da fara'a.

"Kamar muryar surukina Kalla na ji. Shi ne, ko?"

"Shi ne, Kaka."

"Allah Sarki, Kalla. Duk ƙasar nan shi ya fara tausaya mini. Na ji ya ambaci sunana, na ji ya ce taguwa."

Ya kamo hannunta ya riƙe cikin nasa, ya matso da mikoro gabanta da ɗaya hannun don kowa ya ji.

"Ya gan ta ne? Faɗa mini, amaryata. Me ya ce?"